RENON ITACEN MOMIJI A CIKIN KASKO: MATAKAN FARKO NA SANA'AR BONSAI



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne wata tsohuwar sana'a ta mutanen Japan wadda su ke kira bonsai, watau renon itace a cikin ɗan kasko har ya tsufa, ya ɗauki siffar babban itacen dawa, alhali kuwa tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ko biyu ba. Fagen yana da faɗi, saboda haka zan tsaya a kan itace guda, wanda Turawan Ingila ke kira mefil, Japanawa kuma su ke kira momiji. Na zaɓe shi ne domin yana cikin itatuwan da masu koyo su ka fi sha'awa, kuma ba ya ɓoye kuskuren mai renonsa. In an yi masa daidai, a ga alama cikin mako biyu. In an ɓata, tabon ya zauna a jikinsa shekara goma.

Bari mu fara da sunan. Kalmar bonsai gaɓa biyu ce: bon, watau faranti ko kasko marar zurfi, da sai, watau shuka. Japanawa sun aro kalmar ne daga Sinawa, waɗanda ke karanta waɗannan haruffa biyu da lafazin penzai. In za mu ba abin suna da Hausa, itacen kasko ya wadatar. Wasu za su so a ce wadan itace, amma ban yarda da wannan ba, gama ya kan sa a zaci wani irin itace ne na dabam wanda a ka halitta gajere. Ba haka ba ne. In ka ɗebi 'ya'yan momijin da ya shekara hamsin a kasko ka shuka a fili, abin da zai fito itace ne sosai, mai tsawon mita 6 zuwa 10, kamar kakanninsa na kan duwatsu. Ƙanƙantar aikin hannu ce, kuma ran da hannu ya daina, itace ya koma halinsa. Haka nan kuma ba horon yunwa a ke yi masa ba, kamar yadda mutane da yawa ke tsammani. Itacen da a ka hana ci ba ya toho, wanda ba ya toho kuwa babu abin da za a sarrafa a jikinsa.

Asalin abin daga ƙasar Sin ne. A jikin bangon kabarin wani ɗan sarki mai suna Zhang Huai, wanda a ka gina a shekarar 706, akwai zanen barori ɗauke da farantai masu ƙananan duwatsu da tsirrai. Daga can ya ƙetara zuwa Japan, inda a ke ganin itatuwan kasko a cikin wani dogon zane mai suna Kasuga Gongen Genki na shekarar 1309. Bayan babbar girgizar ƙasa ta 1923, wasu masu wannan sana'a sun bar Tokiyo su ka kafa unguwarsu a Omiya a 1925, kuma a 1934 a ka fara babban nunin nan na Kokufu a Tokiyo. A 1976, sa'ad da Amurka ta cika shekara 200 da samun 'yanci, Japanawa su ka ba ta kyautar itatuwan kasko 53. A cikinsu akwai wani da a ke reno tun 1625, wanda ya fito daga gidan Masaru Yamaki a Hiroshima. Yana cikin gidan a ranar da a ka jefa bam a 1945, kimanin mil biyu daga inda ya fashe, bai kuwa mutu ba. Ku lissafa yawan hannuwan da su ka ba wannan itace ruwa, kowace rana, ba fashi, tun daga 1625.

ITACEN DA LOKATANSA

Dangin mefil sun fi iri ɗari, kuma ɗaya daga cikinsu ne ganyensa ke jikin tutar Kanada. Biyu ne su ka shahara a kasko. Na farko shi ne momiji, wanda wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Peter Thunberg, da ya zauna a Japan daga 1775 zuwa 1776, ya raɗa wa sunan kimiyya Acer palmatum, saboda ganyensa ya yi kama da tafin hannu mai yatsu biyar ko bakwai ko tara. Su ma Japanawa hannu su ka gani, gama ɗaya sunan da su ke kiran dangin duka, watau kaede, ya samo asali ne daga kalmomin da ke nufin hannun kwaɗo. Na biyu shi ne Acer buergerianum, mutumin ƙasar Sin, mai ganye da yatsu uku. Wannan ya fi jimiri, ya fi saurin kauri, ya fi kuma yafe laifi, don haka wanda ya sami zaɓi, ni dai da shi zan ce ya fara.

Kafin mu ci gaba, akwai matsalar lokatan shekara. Rabon shekararmu da na Japan ba ɗaya ba ne, kuma in na ce bazara, zukatanku za su tafi ga zafin Afrilu da hadarin farko. Saboda haka zan yi amfani da waɗannan sunaye: lokacin toho, daga Maris zuwa Mayu, lokacin zafi, daga Yuni zuwa Agusta, kaka, daga Satumba zuwa Nuwamba, sai hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu. Duk aikin da zan ambata yana rataye ne da waɗannan lokatai. Yankan da ya zama magani a watan Yuni, shi ne ya kan zama cuta a ƙarshen Fabrairu.

Akwai hali guda na momiji wanda ya kamata mai koyo ya riƙe da kyau. Idanun tohonsa biyu-biyu su ke fitowa, suna fuskantar juna a kan kowace gaɓa, kamar kunnuwa a kan kai. Daga gaɓa zuwa gaɓa kuwa sanda ce kawai, babu ido. Ma'anar wannan ita ce, reshe ba zai fito ba sai a kan gaɓa, kuma tazarar da ke tsakanin gaɓoɓi, da zarar ta miƙe ta ƙeƙashe, ba ta sake gajarta har abada. Rabin sana'ar renon momiji yaƙi ne da doguwar gaɓa.

INDA A KE FARAWA

Ana iya farawa daga iri. 'Ya'yan momiji masu fiffike ne, biyu a manne, kuma ba su tsira sai sun sha sanyi. A kan jiƙa su kwana guda, a sa su cikin yashi mai danshi a leda, a ajiye a firji kimanin wata uku, sa'an nan a shuka. Hanya ce mai arha, amma mai tsawo. Wanda ya fi son ya ga abin yi da wuri, sai ya sayi dashe ɗan shekara biyu ko uku. A nan sai a yi hattara, domin yawancin momijin da a ke sayarwa don lambu masu aure ne, kamar yadda mu ke aurar da mangwaro, kuma wurin auren ya kan bar ƙullutu a gindi. A lambu ba mai kula da shi. A kasko kuwa, inda ido ke fara sauka a kan gindi, ba ya ɓoyuwa, kuma ƙaruwa ya ke yi da shekaru.

Hanya ta uku ita ce a sa reshe ya yi saiwa tun yana jikin uwarsa. Bayan ganyen farko ya ƙosa, a kan zaɓi reshe mai kyan lanƙwasa, a zagaye shi da wuƙa a ɗaye ɓawo kamar zobe, faɗinsa daidai da kaurin reshen, a kankare santsin da ke ƙarƙashi, a naɗe wurin da gansakuka mai danshi, a rufe da leda. Dalilin da ya sa wannan ke aiki shi ne, ruwa yana hawa ne ta cikin katakon, shi kuwa abincin da ganye ya dafa ta ƙarƙashin ɓawo ya ke sauka. Da an yanke ɓawo, reshe na ci gaba da shan ruwa, amma abinci ya taru a bakin yankan ya rasa hanya, sai saiwoyi su ɓullo a nan. Cikin wata biyu ko uku a kan iya yanke shi a dasa.

To, ga kuskuren da ya fi kowane yawa. Mutum ya sami dashe mai kaurin fensir, sai ya yi maza ya sa shi a ɗan kasko mai ado, ya zauna jiran ya zama bonsai. Zai daɗe yana jira. Itace ba ya kauri sai da yawan ganye, yawan ganye kuwa sai da yawan saiwa, kasko kuma aikinsa ke nan ya hana saiwa yawa. Bayan shekara goma, abin da zai samu fensir ne mai ganye. Kaskon ado shi ne mataki na ƙarshe. Matakin farko shi ne a dasa itacen a ƙasa, ko a babban akwatin katako mai faɗi marar zurfi, a bar shi ya yi girman ganin dama shekara uku zuwa biyar.

Sai dai kafin a binne shi akwai aikin saiwa, kuma a ganina babu aikin da ya fi shi muhimmanci a rayuwar itacen. Abin da ke sa ido ya gaskata cewa itace tsoho ne shi ne yadda gindinsa ya baje, saiwoyi su ka fita ta kowace fuska su ka kama ƙasa. Japanawa na kiran wannan nebari. Don a same shi, a kan yanke uwar saiwa mai nutsawa ƙasa, a tsefe sauran su bazu kamar haskoki, a ɗora gindin a kan allo ko fale-falen dutse, sa'an nan a rufe da ƙasa. Da ya ke saiwa ba ta da hanyar sauka, dole ta tafi gefe, kuma yayin da ta ke kauri sai ta ja gindin ya buɗe. Reshen da ya fito a karkace ana iya sake shi a kowace shekara. Saiwar da ta yi kauri a murɗe, gyaranta sai da wahala mai yawa.

GANGA DA RASSA

Itacen da a ka bari ya yi ta girma zai yi kauri, amma zai miƙe kamar muciya, kaurin sama da na ƙasa kusan ɗaya. Tsohon itace kuwa gindinsa ne mai kauri, yana sirancewa har zuwa ƙoli. Ana samun wannan ne ta hanyar da ke tsorata mai koyo: a sare gangar. Masu sana'ar suna da wani awo na kusa-kusa, cewa tsawon itace ya zama kamar ninki shida na kaurin gindinsa, kuma saran farko ya faɗa a kashi ɗaya cikin uku na tsawon da a ke nufi. Misali, mai son itace na santimita 36 zai jira gindi ya kai santimita 6, sa'an nan ya sare a wajen santimita 12 daga ƙasa, ko da itacen ya fi shi tsawo a lokacin. Wannan awo ba doka ba ne, kuma momiji ya kan yi kyau ko da ya fi haka siranta. Daga cikin tohon da zai fito a ƙarƙashin saran, a zaɓi ɗaya ya zama sabon kai, a bar shi ya yi shekara ɗaya ko biyu, a sake sarewa sama kaɗan. Kowane sara na ba da gaɓa wadda ta fi ta ƙasa siranta, da ɗan karkata wanda ke ba gangar motsi.

Me ya sa itace ke toho a ƙasa in an sare kansa? Ƙolin kowane reshe yana yin wani sinadari da a ke kira oksin, wanda ke gangarowa yana danne idanun da ke ƙasa da shi, su yi ta barci. Da an cire ƙolin, dannewa ta kau, sai su farka. Duk wanda ya taɓa ganin yadda itacen da a ka sassabe a gona ke fito da 'ya'ya a kututturensa ya riga ya ga wannan. Wannan sinadari ne kuma ya sa saman itace kullum ya fi ƙasansa ƙarfi, don haka mai reno ya kan tsananta aski a sama, ya sassauta a ƙasa. In kuma ana son wani sashe na ganga ya ƙara kauri, a kan bar reshe guda a wurin ya yi ta tsawo ba a taɓa shi, har ya gama aikinsa a cire shi.

Lokacin yanka yana da ƙa'ida. A ƙarshen hunturu ruwan jikin mefil yana hawa da ƙarfi. Wannan ruwa ne ma mutanen Kanada ke tatsa daga irin nasu su dafa ya zama kamar zuma. In an yi babban yanka a lokacin, itacen ya yi ta zubar da ruwa kwana da kwanaki. Lokatai biyu su ka fi dacewa: da zarar ganye ya zube a kaka, ko kuma a farkon lokacin zafi, bayan ganyen farko ya ƙosa, sa'ad da rauni ya fi saurin rufewa. A yanka da kaifi, a shafe wurin da danƙon da a ke yi don haka. A ƙananan rassa kuma kada a yanka dab da ido. A bar ɗan guntu, gama momiji ya kan bushe ya ja baya kaɗan daga bakin yanka, in babu guntun sai bushewar ta ci idon.

Yanzu sai mu koma ga idanun nan biyu-biyu. In reshe ya fito da gaɓa huɗu ko biyar, a ka yanke shi a ka bar gaɓa ɗaya, idanu biyun nan za su zama rassa biyu. A sake yi wa kowannensu haka, su zama huɗu, sa'an nan takwas, sa'an nan goma sha shida. Da haka a ke gina sarƙaƙƙiyar ƙananan rassa wadda ke bayyana a hunturu bayan ganye ya zube, kuma a wurin masana a lokacin ne a ke gane gwanintar mai reno, don ganye na rufa asiri. Abin kiyayewa shi ne kada a bar rassa uku ko huɗu su fita daga wuri guda. Wurin zai kumbura ya fi na ƙasa da shi kauri, kuma babu abin da ke ɓata siffar itace kamar wannan. Biyu a ke bari, a cire na tsakiya. A jikin ganga kuwa, inda rassa biyu su ka fito suna fuskantar juna, ɗaya a ke bari, yau na dama, gaɓa ta gaba na hagu, wani kuma ya nufi baya don itacen ya yi zurfi a ido.

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, kuma ban san itacen da ya fi momiji gaskata wannan magana ba. Reshensa na bana yana lanƙwasuwa kamar igiya. Na shekara uku kuwa ƙaras ya ke karyewa, ba ya ko yin gargaɗi. Ana tanƙwarawa ne da waya. Ta alminiyam ta fi dacewa da shi, don ta jan ƙarfe ta yi masa tsauri. Kaurin wayar ya zama kamar sulusin kaurin reshen, a kafe ta a ganga ko a wani reshe, a naɗa ta a karkace, kimanin digiri 45, ba matsewa, sa'an nan a lanƙwasa a hankali da yatsun hannu biyu. Ɓawon momiji siriri ne, mai santsi, har wasu kan naɗe wayar da takarda tukuna. A lokacin girma reshe na iya kumbura ya haɗiye waya cikin 'yan makonni, kuma tabon da za ta bari ya kan daɗe ƙwarai. A riƙa dubawa kowane mako. In lokacin cirewa ya yi, a datse ta guntu-guntu. Mai ƙoƙarin warware ta don ya sake amfani da ita, sau da yawa ya kan ceci wayar ya rasa reshen.

ƘASA DA RUWA

Ƙasar lambu ba ta yi a kasko, kuma dalilin ya cancanci a tsaya a kansa. Ku ɗauki soson katifa ku jiƙa shi, ku kwantar da shi a tafin hannu har ya daina ɗiga. Ku tsayar da shi a tsaye, za ku ga ya sake zubar da ruwa. Watau abu marar zurfi ya fi mai zurfi riƙe ruwa. Kaskon bonsai kwantaccen soso ne. In an cika shi da ƙasa mai laushi, ruwa zai cushe dukan ƙofofin da iska ke bi, saiwa kuwa tana numfashi, in ta rasa iska sai ta ruɓe. Abin da zai ba mai koyo mamaki shi ne, itacen da saiwarsa ta ruɓe yaushi ya ke yi kamar mai ƙishirwa, sai a ƙara masa ruwa, a ƙarasa shi.

Saboda haka ƙasar kasko tsaba-tsaba ce, girman ƙwayar dawa zuwa na wake, an rairaye ta an zubar da garin. Japanawa na haƙo wata jar laka mai dunƙule-dunƙule a yankin Kanto, sunanta akadama, su gauraya ta da tsakuwar dutsen aman wuta mai rami-rami. Ga momiji a kan sa akadama ta kai rabi ko fiye. Bayan shekara biyu ko uku ta kan marmashe, saiwa kuma ta cika kaskon, dole a sake dashe. Lokacinsa shi ne farkon lokacin toho, sa'ad da idanu su ka kumbura amma ba su buɗe ba. A fitar da itacen, a tsefe saiwa da ɗan tsinke, a rage kamar sulusinta, musamman masu kauri da masu nutsawa, don ƙananan nan masu kama da gashi su ne ke shan ruwa. A rufe ramukan kasko da raga, a ɗaure itacen da waya ta cikin ramukan don kada iska ta girgiza shi, a cusa ƙasa tsakanin saiwoyi har ba sauran kogo, a yi ban ruwa sosai. A ajiye shi a inuwa inda ba iska, kuma kada a ba shi taki sai bayan kamar wata guda.

Ban ruwa ba shi da jadawali. A duba saman ƙasa, in ya fara bushewa a ba shi har ruwa ya fito ta ƙasa. A lokacin zafi wannan na iya zama sau biyu a rana, a hunturu kuwa sau ɗaya a kwanaki da yawa. Wannan ne ya sa sana'ar ke da wuya ga ma'aikacin da ba ya rabuwa da tafiye-tafiye: kwana biyu na zafi ba ruwa sun isa su kashe aikin shekara goma. Momiji na son hantsi da inuwar la'asar, gama rana mai tsanani da busasshiyar iska na ƙona bakin ganyensa. Taki kuwa, Japanawa sun saba da tunkuzar wani iri mai mai, a dunƙula a ɗora a kan ƙasa. Ƙaramin itacen da a ke son ya yi kauri a ciyar da shi sosai. Wanda ya riga ya sami siffa a jinkirta masa har ganyen farko ya ƙosa, in ba haka ba gaɓoɓinsa su zarce.

Akwai dabaru biyu da mai koyo ya kan ji labarinsu ya yi ɗokin gwadawa. Ta farko ita ce, da zarar ganye biyu na farko sun buɗe, a sa matsefata a tsinke ɗan tohon da ke tsakaninsu, sai gaɓar ta tsaya gajera. Ta biyu ita ce a yanke ganye a farkon lokacin zafi, a bar tsinkensa, don itacen ya fito da sabon ganye ƙanana da ƙarin rassa. Duka biyu rage ƙarfin itace su ke yi, don haka na itacen da ya gama ginuwa ne, ba na yaro ba. Mai yatsu uku na jure a kwashe ganyensa duka in yana da lafiya. Ga momiji ya fi aminci a cire ɗaya daga kowane biyu, haske ya shiga ciki. Kada kuma a haɗa wannan da sake dashe a shekara guda.

A kaka, in yini ya gajarta dare ya yi sanyi, itacen ya kan janye koren sinadarin da ke cikin ganye, sai rawayan da ke ɓoye ya bayyana, sukarin da ya rage kuma ya zama ja, musamman in ana rana da yini, sanyi da dare. Japanawa kan yi tafiya takanas don kallon wannan a kan duwatsu. Daga nan ganye ya zube, itacen ya shiga barci, kuma barcin nan tilas ne. Wanda ya ji tausayinsa ya shigar da shi ɗaki mai ɗumi ya cuce shi. Abin da a ke karewa kawai shi ne saiwa, wadda ba ta da rufin da ƙasa ke ba ta a dawa; in sanyi ya tsananta, kamar digiri 10 ƙasa da sifiri, a sa kaskon a rumfa marar wuta, ko a binne shi cikin ganyaye.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da na san tana zukatanku, ko za a iya renon momiji a Kano ko Zariya ko Maraɗi. Amsata ita ce kada a ɓata kuɗi. Itacen yana bukatar makonni da yawa na sanyi a jere kafin idanunsa su buɗe da ƙarfi, hunturunmu kuwa sanyin dare ne da asuba, hantsi na yi ya tafi. Yana kuma karanta lokaci da tsawon yini. A Tokiyo yini na sauka ƙasa da sa'a 10 a Disamba, ya haura sa'a 14 a Yuni, alhali a Kano bambancin bai wuce sa'a ɗaya da rabi ba. Ofis mai na'urar sanyaya ɗaki ba ya maye gurbin hunturu. Ba shi da isasshen sanyi, ba shi da haske, iskarsa kuma busasshiya ce. Itacen zai yi ta raguwa har ya mutu.

Amma ilimin bai tsaya ga momiji ba. Tsamiya na cikin itatuwan da a ke reno a kasko a ƙasashe masu zafi, ganyenta ƙanana ne tun asali, ɓawonta kuma na saurin nuna tsufa. Cediya da sauran dangin ɓaure suna kamawa daga reshe, suna jure yanka, suna kuma baje saiwa ba sai an roƙe su ba. Kuka ma masu wannan sana'a a Afirka ta Kudu sun daɗe suna renonta, sai dai in ta zubar da ganye a janye mata ruwa kusan gaba ɗaya, in ba haka ba gindinta ya ruɓe. A madadin akadama ana iya farfasa jan bulo da a ka gasa, a rairaye, a gauraya da tsakuwar rafi da ɗan ruɓaɓɓen taki. Idanun tsamiya da na cediya ɗaya-ɗaya su ke fitowa, ba biyu-biyu ba, don haka a yanka a saman idon da ya fuskanci inda a ke son reshe ya nufa. Sake dashe da manyan yanka a yi su gab da faɗuwar damina, sa'ad da itacen ke shirin toho. A ɗora kaskon a kan benci mai tsawo, inda iska ke ratsawa, gara ba ta hawa ta ramukansa, akuya kuma ba ta kai baki.